Hannun Jari a Kamfanin Jirgin Sama: Kafin Ki Kwance Bakin Zane

Yau batun kuɗi za mu taɓa, wato ɗan abin da kika tara ta hanyar ƙulli-ƙulli, saƙar hula, adashe ko gado. Idan an zo har ɗaki an ce ki kawo a saya miki hannun jari a kamfanin ƙera jiragen sama, me ya kamata ki sani?

Da farko, mene ne hannun jari? Kamar a ce mata goma ne suka haɗa kuɗi suka sayi saniya. Kowacce tana da rabo gwargwadon abin da ta zuba. In ta haihu, a raba riba. In ta rame ko ta mutu, asarar ta kowa ce. To haka kamfani yake. Ba bashi kika ba shi ba, balle ki ce sai an maido miki da kuɗinki cif. Kin zama ɗaya daga cikin masu shi ne, daɗi da wuya.

Manyan masu ƙera jiragen fasinja a duniya biyu ne: Boeing na Amurka da Airbus na Turai. Jiragensu ne ke ɗaukar alhazanmu daga filin jirgi na Sarkin Musulmi Abubakar III a Sakkwato. Sai ki ce ai kamfani irin wannan ba ya faɗuwa. To saurara. A watan Oktoba na 2018 jirgin Boeing ƙirar 737 MAX ya faɗi a Indonisiya da mutum 189. A watan Maris na 2019 wani irinsa ya faɗi a Habasha da mutum 157, har da 'yan Nijeriya. Allah Ya kiyaye na gaba. Aka hana irin jirgin tashi wata 20, ga annobar korona ta biyo baya. Hannun jari ɗaya da ya haura dala 400 a farkon 2019 ya komo ƙasa da dala 100 a watan Maris na 2020, kamfanin kuma ya dakatar da raba riba. Wadda ta saya da tsada, buƙata ta sa ta sayar a lokacin, kashi ɗaya cikin huɗu ma bai dawo mata ba.

Ku 'yan Illela ba sai an yi muku dogon bayani ba. Kun ga yadda kasuwa ta yi sanyi da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma sake rufewa a 2023. Abin da ba laifinki ba yana iya cinye miki jari.

Na biyu, Boeing da Airbus ba sa cikin kasuwar hannayen jari ta Nijeriya da ke Legas. Da kuɗin waje ake sayensu, ta hannun dillali. Nan ne 'yan damfara ke shigowa. Duk wanda ya ce miki riba tabbas ce, ko kuɗinki zai ninka cikin wata guda, cinikin biri a sama yake so ki yi. Ku tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, yadda mutane suka wayi gari ba uwa ba riba.

In har kina da sha'awa, fara da abin da ido ke gani. Kamfanin siminti na Kalambaina yana ƙarƙashin BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar Legas a watan Janairu na 2020. A Disamba 2021 MTN ya sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169 kowanne, mafi ƙaranci guda 20, wato naira 3,380. Kin ga ba sai mai miliyoyi ba. Amma na gida ma yana faɗuwa: daga 2008 zuwa 2009 kasuwarmu ta rasa fiye da rabin darajarta.

Ga abubuwa huɗu, ki riƙe su. Ɗaya, dillalin ya zama mai rajista da hukumar SEC. Sa ɗanki ko ƙanenki ya duba sunansa. Biyu, a rubuta jarin da sunanki, da lambar BVN ɗinki, ribar ta riƙa shiga asusunki. Ki yi shawara da maigida, ko shi zai je miki banki, amma dukiyar mace tata ce a Musulunci. Uku, kada ki taɓa kuɗin cefane, na magani, ko na kayan ɗakin 'yarki, kada kuma ki ci bashi. Zuba abin da za ki iya mantawa da shi shekara biyar. Huɗu, tambayi malami game da sana'ar kamfanin da kuma zakka, don waɗannan kamfanonin jirgin suna ƙera na yaƙi ma.

Wadda kuma ta ga tunkiyarta da ke ɗaure a tsakar gida ta fi kwanta mata a rai, wallahi ba ta yi wauta ba. Allah Ya sa albarka a neman kowa.