Kafin Ta Shigo Gida: Shirin Riƙon Maraya Karo Na Biyu

Jawabin da wani magidanci da uwargidansa suka gabatar a taron masu kula da marayu da gwauraye na ikkilisiyoyin karkara, a Tudun Wada, Zariya.

 

An ce mu yi magana a kan riƙon maraya. Mu ba malaman wannan abu ba ne. Maigida kafinta ne a nan Tudun Wada, uwargida tana koyarwa a firamare, muna kuma ɗan taɓa noma a ƙauye. 'Ya'ya uku muka haifa. A shekarar 2017 Allah ya ƙara mana na huɗu, ba ta hanyar haihuwa ba. Yanzu kuma wata takwas ke nan muna shirin karɓar ta biyar, yarinya 'yar shekara shida wadda 'yan bindiga suka kashe mahaifinta a gona, mahaifiyarta kuma ta rasu bayan shekara ɗaya. Tana hannun kakarta, tsohuwa wadda idonta ya soma gazawa. Abin da gidanmu yake ciki a wannan lokacin jira, shi muka zo mu faɗa muku.

Riƙon ɗan wani ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Babu wani a ɗakin nan da bai san wanda goggonsa ko kawunsa ya goya ba. Ikkilisiyar wannan yanki ma da irin wannan ta tashi. Likita Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kuma sa'ad da ciwon barci ya yi ɓarna a Gimi, yaran da suka ragu nan Zariya aka kawo su, aka rene su, aka karantar da su, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. A Littafi Mai Tsarki kuma, Esta marainiya ce, Mordekai ɗan baffanta shi ya riƙe ta. Saboda mun saba da abin ne muke ɗauka ba ya bukatar shiri. Haka mu ma muka ɗauka a karo na farko.

Yaron yana da shekara huɗu sa'ad da ya zo. Mun je jana'izar mahaifiyarsa, kakarsa ta kama hannunsa ta sa a hannun uwargida, muka hau mota muka dawo da shi. Babu takarda, babu shaidu, ko dattawan ikkilisiyarsu ba mu zauna da su ba. Da muka iso gida, yaranmu suka tambaya wane ne wannan, muka ce baƙo ne. Kalma ɗaya ce, mun faɗe ta don mu huta da tambaya. Autarmu ta yi fiye da shekara tana kiransa baƙo, tana tambaya yaushe zai tafi gidansu, shi kuma yana ji.

A 2021, da yaron ya kai ya iya kiwon awaki da riƙe fartanya, sai ga baffansa ya zo ya ce a ba shi ɗansa. A al'ada yana da gaskiya, mu kuwa ba mu da abin da za mu nuna. Sau uku dattawan ikkilisiyoyi biyu suna zama tare da mai unguwa kafin a daidaita cewa yaron zai ci gaba da karatu a wurinmu, ya riƙa zuwa ƙauye lokacin hutu. Ba mu riƙe baffan a zuciya ba, shi ma talauci ne ya matsa masa. Amma a cikin watannin nan uwargida ta rame, yaron kuma ya daina wasa.

Saboda haka da maganar yarinyar nan ta taso, muka ce wannan karo sai mun bi a hankali. Muka soma da kanmu mu biyu. Mako biyu muna addu'a ba mu gaya wa kowa ba. Mun yi gardama ma, gara mu faɗa. Maigida yana lissafin buhu, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 masarar da take kai mu girbi ba ta ƙara kai mu ba sai da ciko daga kasuwa. Uwargida kuma tana lissafin ƙarfinta, domin ita ce za ta tashi da dare in yarinya ta yi kuka. Iyaye maza, ku ji wannan: kada miji ya yi alkawari a gaban dattawa don a yabe shi, sa'an nan ya zo gida ya sanar da matarsa. Ita za ta yi wanka da wanki da jinya. In zuciyarta ba ta karɓa ba, yaron ne zai sha wahalar, ba mijin ba.

Bayan mun yarda, muka kawo maganar a sujadar iyali da dare. Manyan biyu suka yi murna. Auta ta tambaya ko za a raba mata katifarta, muka ce i, ta ɓata rai kwana biyu ta haƙura. Wanda muka ɗauka zai fi kowa farin ciki, wato ɗanmu na riƙo, bai ce komai ba. Muka ce ai shi dama ba mai yawan magana ba ne.

Bayan kamar wata ɗaya malaminsa ya aiko cewa ba ya mai da hankali a aji. Ya rage cin tuwo. Ya soma yin ayyukan da ba a sa shi ba, ya share tsakar gida tun kafin kowa ya tashi, ya ɗebo ruwa har randa ta zuba. Mu kuma muna yabonsa, ba mu gane ba. Ran wata Asabar uwargida tana shara ta jawo wata jakar leda daga ƙarƙashin gadonsa. Kayansa ne na zuwa sujada, a ninke, da takalminsa, da hoton mahaifiyarsa. Ta zaunar da shi ta tambaye shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, “Mama, in ta zo, ni za a mayar da ni ne?”

'Yan'uwa, shekara takwas yaron nan yana cin abinci a kwano ɗaya da 'ya'yanmu. Mun ɗauka maganar baƙo ta mutu tuntuni. Ashe a lissafinsa gidan nan gurbin maraya ɗaya ne da shi, in wata ta shigo, na farko ya fita. Daren nan maigida ya ɗauko takardar da muka samu bayan rikicin 2021, ya karanta masa ita layi layi, ya nuna masa sunansa da sa hannun baffansa da hatimi. Muka roƙe shi gafara a kan kalmar da muka faɗa ranar da ya zo. Ba za mu ce komai ya warware a dare ɗaya ba. Jakar ta ƙara mako uku a ƙarƙashin gado kafin shi da kansa ya kwance ta.

Tun daga nan muka sa shi cikin shirin. Shi ne yake raka mu ƙauye ganin yarinyar duk Asabar ta biyu. Shi ya gaya mana abin da ba mu taɓa tunani ba, cewa daren farko a gidanmu abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ƙarar janareton maƙwabta, kuma da an bar masa zanen mahaifiyarsa da ya yi barci. Mun riga mun roƙi kakar ta ba yarinyar zane ɗaya nata ta zo da shi.

Yanzu maganar takarda. Akwai riƙo, akwai kuma ɗaukar yaro ta hanyar doka, ba abu ɗaya ba ne. A riƙo yaro yana nan da sunan ubansa da danginsa da gadonsa. A ɗauka ta doka kotu ce take mai da shi kamar ɗan cikinka, har ga gado. Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai ɗaukar yaro ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata uku a jere kafin kotu ta yanke. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kula da yara a 2018. Ƙofar shiga ita ce ofishin jin daɗin jama'a. Jami'ar ta zo gidanmu, ta ga inda yarinyar za ta kwana, ta tambayi abin da muke samu, ta yi magana da yaranmu ba ma wurin. Kada wannan ya ɓata wa kowa rai, aikinta ne.

Mu riƙo muka zaɓa, amma a rubuce. Yarinyar tana da gonar ubanta, tana da baffanni, ba mu ga dalilin yanke ta daga gare su ba. An auna gonar a gaban mai unguwa da dattawa, an rubuta wanda zai noma ta da abin da za a riƙa ajiye mata. Sai dai ku tuna, a al'adarmu ɗan riƙo ba ya gado a gidan da aka riƙe shi. In kana so ya sami wani abu daga naka, ka rubuta wasiyya tun kana da rai, da shaidu. Mun ga gidan da aka binne maigida ran Talata, ran Juma'a ɗan riƙo yana waje da kayansa.

Sauran abubuwan da suka ci mana lokaci su ne takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, domin ba a taɓa yi mata ba, da katin rigakafi wanda ya ɓace lokacin gudun hijira, da gwajin jini a asibiti don a san ko tana da sikila. Ba don in an sami ciwo mu fasa ba, don mu san yadda za mu kula da ita ne.

Akwai wata magana da ya kamata ku kai wa ikkilisiyoyinku. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Ingila ya so ya ɗauki yarinyar, da kyakkyawar zuciya. Da ya bincika sai ya tarar tun watan Maris na 2021 gwamnatin Ingila ta sa takunkumi a kan ɗauko yara daga Najeriya, saboda takardun bogi da cinikin jarirai. Ba can kaɗai ba ne. Habasha ta hana baƙi ɗaukar yaranta a 2018, Sin ta rufe tata ƙofar a 2024. Amurka, wadda ta karɓi yara kusan 23,000 daga ƙasashen waje a 2004, ba ta karɓi ko 1,500 ba a 2023. Duk da haka, a cikin watannin nan wani mutum mai mota ya je wurin kakar da buhun shinkafa da takarda, ya ce ta dangwala yatsa, Turawa za su kai jikarta makaranta a ƙasar waje. Allah ya sa ta ce sai fasto ya karanta mata. Mutumin bai jira fasto ba, shinkafar ma ya tafi da abinsa. In irin wannan ya zo ƙauyenku, kada a sa hannu, kada a ba da yaro ko na kwana ɗaya, a kira mai unguwa a kuma sanar da ofishin jin daɗin jama'a. Ɗan'uwan namu kuwa ya ɗauki nauyin kuɗin makarantarta daga inda yake.

Wani dattijo ya tambaye mu ko wata takwas bai yi yawa ba, alhali yarinya tana bukata. Mu ma abin yana damunmu, musamman ranar da muka same ta da zazzaɓi kakar ba ta lura ba. Abin da ya taimaka shi ne zumuntar mata ta ƙauyen ta raba kwanaki, kowace rana akwai mai leƙawa, hukumar agaji kuma tana ba kakar tiya huɗu na hatsi kowane wata. A ganinmu, inda kaka ko goggo take da sauran ƙarfi, wannan taimakon ya fi a ɗauke yaro gaba ɗaya. Mu ma da idon tsohuwar nan yana gani, da ba mu yi maganar ɗauko ta ba.

An ba mu rana a wata mai zuwa don zama na ƙarshe da dangi a gaban jami'ar. Baffa ɗaya bai sa hannu ba tukuna, yana cewa sai ya yi shawara. Ku sa wannan a addu'a, ku sa kakar kuma, domin ranar da za mu yi murna ita ɗakinta zai zama wayam. Mun yi mata alkawarin kawo jikarta kowane hutu, an kuma rubuta shi a takardar. Maigida ya gama haɗa ƙaramin gado a shago, saura fenti. Ɗanmu ya ce a bar masa wannan, shi zai shafa.

 Mai tambaya ya same mu a bakin ƙofa bayan addu'ar rufewa.