Sauraro ma sana'a ce: jawabi ga iyalanmu na Sersouf

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama. Mun san wasu sun baro aikin yini, wasu sun bar tukunya a kan wuta, don haka ba za mu ja ku da nisa ba.

Mu da ke tsaye a gabanku ba likitoci ba ne. 'Ya'yanku ne, hanyar da kuka biyo ita muka biyo. Abin da ya bambanta mu kawai shi ne mun samu horo a kan yadda ake taimakon babban mutum idan ciwon damuwa ko fargaba ya kama shi. Mun zo mu faɗa muku yadda aikin yake, kuma mu nemi waɗanda za su koya, domin mun yi kaɗan.

Bari mu fara da wata baiwar Allah, ba za mu kama suna ba. Sau uku tana zuwa asibiti a nan Tamanrasset da ciwon kai da nauyin ƙirji. Aka auna ta, ba a ga komai ba. Ita Hausa kaɗai take ji, ma'aikatan kuwa Larabci da Faransanci suke yi, wasu da yaren Buzaye. Ɗanta mai shekara 12 shi ne tafinta. To, iyayenmu mata, ku faɗa mana: wace uwa ce za ta faɗa a gaban ɗanta abin da ke hana ta barci? Sai ta ce kai ne ke ciwo, ta karɓi ƙwaya ta koma gida. Ranar da ɗaya daga cikinmu ta zauna da ita su biyu, aka sallami yaron, ta yi kusan awa guda tana magana. Wata bakwai ke nan ba wanda ya tambaye ta da harshenta.

Irinta suna da yawa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, mai sauƙi ko mai tsanani. Mu ba sai an kawo mana lissafi ba. A cikinmu akwai wanda ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, akwai wanda fari ya kora. Mutanen Kantche ba su manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar zuwa ƙasar nan. Akwai kuma wanda ko ƙarar mota ya ji da dare sai gabansa ya faɗi, yana tunanin hanyar In Guezzam da tafiyar ƙasa ta kilomita 15 zuwa Assamaka.

Mu bambance abu biyu. Baƙin ciki na kowa ne, yana zuwa yana wucewa. Ciwon damuwa kuwa shi ne idan ƙuncin ya zauna mako biyu ko fiye, kusan kullum: abinci ba daɗi, barci ya ƙaurace, abin da mutum ke so a da ya fita ransa, yana ganin kansa ba shi da amfani. Fargaba ita ce zullumin da ba ya sauka, zuciya na bugawa, numfashi na sama-sama, ko da babu abin tsoro a gabansa. Wannan ba hauka ba ne. Ba kuma raunin imani ba ne. Malamanmu na nan, sun fi mu sanin yadda Annabi Yaƙubu ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, da kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, wadda ake kira shekarar baƙin ciki. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne.

Wani zai ce, ai ba da haƙuri kowa ya iya. Gaskiya ne, mu ma haka muka ɗauka. Ranar farko ta horo aka ce kowa ya saurari ɗan'uwansa minti biyar ba tare da ya katse shi ba, ba nasiha, ba "ka yi haƙuri", ba "ni ma haka ta same ni". Yawancinmu ko minti biyu ba mu kai ba. A nan muka gane cewa kirki daban, iyawa daban. Ungozoma ma ba tausayi kaɗai ya mai da ita ungozoma ba, sai da ta zauna a gaban wata.

Horon hawa-hawa ne. Matakin farko shi ne taimakon gaggawa na kwantar da hankali, wanda littafinsa ya fito a 2011. Ana koyon sa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma abu uku ne: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu abin da yake bukata. Wannan muna so kowane gida a samu wanda ya iya shi.

Mataki na biyu shi ne wanda muka yi, wato tsarin shawo kan matsaloli da ake kira PM+, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 don mutanen da ba likitoci ba. Ana zaman aji kwana 10, awa 80 ke nan. Daga nan sai ka yi aiki da mutum biyu a ƙarƙashin idon mai duba ka, kafin a sake ka. Ko bayan an sake ka, kana ci gaba da zama da mai dubawar a kai a kai, kana kawo abin da ya shige maka duhu. Kowane mutum ana ganin sa sau 5, sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi.

Abu huɗu ake koya masa. Na ɗaya, numfashi a hankali daga ciki, ƙirga uku a shaƙa, ƙirga uku a fitar, har jiki ya sassauta. Na biyu, rarraba matsaloli: a jera su, a ware wadda hannu zai iya kaiwa, a fara da ƙarama. Ba mu da ikon buɗe iyakar ƙasa, amma bashin mai shago ana iya zama a tsara yadda za a biya. Na uku, tashi a motsa. Mai damuwa yana jiran ya ji daɗi kafin ya yi wani abu, alhali sai ya fara yi sannan daɗin ke biyowa, ko da sharar ƙofar ɗaki ce ko zuwa gaisuwa. Na huɗu, komawa cikin mutane: ƙawa ɗaya, majalisa ɗaya, adashi, masallaci.

Kada ku raina wannan. An gwada shi a Peshawar ta ƙasar Pakistan a kan mutum 346 da rikici ya shafa, aka kuma gwada a kan mata a Nairobi, aka ga waɗanda suka samu zaman nan biyar sun fi samun sauƙi. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, kuma bincike na 2016 ya tabbatar da amfanin aikinsu. Tun a 1954 ma, likita Thomas Lambo a Aro ta Abeokuta ya riƙa sauke marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu maimakon kulle su. Ashe maganin bai taɓa yin nisa da jama'a ba.

Aikin yana da iyaka, kuma sanin iyakar rabin horon ne. Ba mu ba da ƙwaya. Ba mu raba abinci ko kuɗi, ba mu da hannu a takardun kowa. Idan mutum ya ce yana tunanin kashe kansa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yana farfaɗiya, wannan ya wuce mu, sai mu raka shi wurin likita, ba mu barin sa shi kaɗai. An koya mana mu yi tambayar kai tsaye, domin tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Sai amana. Abin da aka faɗa mana ba ya zuwa wurin miji, ko mai unguwa, ko hukuma, sai fa idan rai na cikin haɗari. Wanda bakinsa ba ya riƙe magana, don Allah ya nemi wata sana'ar.

Ba za mu ruɗe ku ba. Takardar shaidar wannan horo ba ta likita ba ce, kuma ba alkawarin albashi ba ce. Wasu sukan samu ɗan alawus, wasu aikin sa kai suke yi. Aikin yana da nauyi, akwai daren da labarin wani zai bi ka har shimfiɗa, shi ya sa ba a yin sa ba mai dubawa. Amma tsani ne. Wanda ya fara a nan, in ya koma gida, yana iya neman makarantar koyon aikin lafiya a Damagaram ko Yamai, ko ya nufi aikin jinyar ƙwaƙwalwa irin wanda ake yi a asibitin Kware kusa da Sakkwato da na Dawanau a Kano. A yankin Maraɗi, inda mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka yi gudun hijira tun 2019, ana bukatar mai wannan ilimi da ke jin Hausa. Mun ga an raba mutane da waya da kuɗi da kaya a hanya. Abin da ke cikin kai ba a sauke shi a shinge.

Wa muke nema? Namiji ko mace, babba, mai haƙuri, wanda jama'a suka yarda da shi. Don mataki na biyu an fi son wanda ya yi sakandare, ya iya karatu da rubutu, domin akwai littafin da ake bi. Mai jin Larabci ko Faransanci ko yaren Buzaye ya ƙara daraja. Mata muke nema musamman, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Iyayenmu maza, ku bar su su zo. Iyayenmu tsofaffi da ba su yi boko ba, matakin farko naku ne, kun riga mu iya zama da mutane.

Mai so ya ba da sunansa ga ɗaya daga cikinmu bayan an tashi, ko ga ma'aikacin da ke raba wannan takarda. Wanda kuma ya ji kamar da shi muke a cikin bayanin nan, ba sai ya ɗaga hannu ba, ya same mu a keɓe. Kafin nan, ga aikin da kowa zai iya yau: akwai maƙwabcin da kuka kwana biyu ba ku gani a waje ba. Ku je ku yi sallama, ku tambaye shi yaya barci, sannan ku yi shiru ku ji amsa.

Allah ya yaye mana, ya mai da kowa gida lafiya.