Jawabi a kan Shaye-shaye da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Nauyin da ke kan Fada da Jama'ar Gari

 

Sarautar da ta cika shekaru 100 ta ga fari, ta ga yunwa, ta ga annoba, kuma kowane karo a ƙofar fada jama'a suka taru neman mafita. Jarrabawar wannan zamani ita ce shaye-shayen matasa: wiwi, shaƙar sholisho, da ƙwayar tramadol wadda ake kira taramol.

Taramol asalinsa maganin ciwo ne. Likita ba ya yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini, amma wanda ake tallansa a tasha ƙwaya guda takan kai 225. Ɗan kabu-kabu, ɗan dako da mai haƙar zinari sukan sha don kashe gajiya, har jiki ya saba. Daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya, rashin barci, saurin fushi da ruɗewar hankali.

Hukuma ta yi nata: akwai dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, kuma a 2017 an kama ƙwayar taramol fiye da miliyan 3 a Nijar. Sai dai kamu yana maganin mai sayarwa ne, ba ya warkar da mai sha.

Mai sha maras lafiya ne, kuma ciwonsa yana da magani. Wanda ya daɗe yana sha, in ya bari farat ɗaya, gumi, zawo, ciwon gaɓoɓi da matsananciyar damuwa su ke mayar da shi ruwa. Saboda haka ake rage masa sannu a hankali a hannun likita. Babban asibitin Yamai da na Damagaram suna da sashen masu taɓin hankali, kuma daga likitar unguwa ake fara neman hanya. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Ɗaure mutum da mari ko dukansa kuwa ƙara masa ciwo ne.

Aikin gari yana farawa ran da aka sallamo yaro. In ya tarar ana nuna shi da baki, ana kiransa mahaukaci, ba mai ba shi aiki balle aure, zai koma wurin abokan da suka karɓe shi da fari. Don haka ya kamata mai unguwa ya san gidajen da abin ya shafa, ya kuma rufa musu asiri. Liman ya yi wa'azi da tausasawa. Masu sana'a, kafinta, tela da makaniki, kowa ya ɗauki almajiri guda. Fadojin samari da ke zaman shayi su riƙe ɗan uwansu, iyaye mata kuma kada kunya ta sa su ɓoye ƴaƴansu. Wanda ya koma sha bayan ya bari, a sake kai shi likita, domin santsi ba ya hana a ci gaba da tafiya.

Magabata sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Matasan nan su ne talakawan sarakunan gobe.

Allah ya shirya zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da ƙasa lafiya. Amin.