Haƙar Bayanai Daga Mujallu: Nauyin Da Ke Kan Laburaren Jami'a



A ɗauki misalin ɗalibi ɗan Bahindi ta ƙasar Bagudo, wanda ya zo Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana binciken ambaliyar Kwara da ɓarnar da take yi wa shinkafar fadamunsu. Maƙalun da masana suka rubuta kan kogin sun fi ƙarfin idon mutum ɗaya. Saboda haka sai ya sa kwamfuta ta kwaso su jimla, ta bi su layi layi, ta tsamo masa shekaru da wurare da alƙaluma. Wannan shi ake kira haƙar bayanai.

To, a nan gizo ke saƙar. Kuɗin da jami'a ta biya kamfanin ɗab'i na izinin karatu ne, ba lalle ya haɗa da kwasowa da na'ura ba. Sharuɗɗan suna cikin yarjejeniya, ita kuwa tana ofishin shugaban laburare, ɗalibi bai taɓa ganinta ba. Idan kamfani ya ga ana ɗiba fiye da ƙima, ba ɗalibin kaɗai yake rufe wa ƙofa ba. A 2010 JSTOR ta toshe wa jami'ar MIT ta Amurka hanya baki ɗaya na 'yan kwanaki saboda ɗibar mutum guda.

Ingila ta halatta haƙar a 2014 ga binciken da ba na kasuwanci ba, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2019. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta yi wa mai bincike sassauci, amma ba ta ambaci wannan aiki da sunansa ba. Daɗin daɗawa, Kwara ba ta san iyaka ba, amma yarjejeniya ta sani: abin da ɗalibin ya kwaso, ba lalle ya halatta ya miƙa wa abokin bincikensa na Jami'ar Parakou a Binin ba.

Wasu kamfanonin, irin su Elsevier, sun tanadi ƙofa ta musamman domin haƙar, sai dai mabuɗinta sai an nema. Wajibin laburare ne ya fitar da sharuɗɗan kowane kamfani cikin harshe mai sauƙi, ya nuna wa ɗalibi ma'aikacin da zai tuntuɓa kafin ya kunna na'ura. Ranar sabunta yarjejeniya kuwa, kada a sa hannu sai an rubuta izinin haƙar a ciki.