Matse Sauti a Faifan Bidiyo: Ribarsa da Haɗarinsa



An nemi in yi magana a kan abin da ke ci wa masu shirya faifan bidiyo tuwo a ƙwarya, watau ƙarancin wuri. Faifan DVD, wanda ya fara fitowa a Japan a 1996, idan mai shimfiɗa ɗaya ne, gigabait 4.7 kawai yake ɗauka. Hoto da sauti kuwa a akushi ɗaya suke ci. Abin da wannan ya ɗiba, wancan ya rasa.

To, mu yi lissafi. Sautin da ba a matse ba, wanda ake kira PCM, mai hanya biyu, dama da hagu, yana cin kilobit 1,536 a kowace daƙiƙa. Ashe ke nan wasan kwaikwayo na awa 2, sautinsa kaɗai zai lashe kusan gigabait 1.4, fiye da rubu'in faifan. Amma idan aka matse shi da tsarin Dolby Digital a kan kilobit 192, sai ya koma kamar megabait 173, watau kashi 1 cikin 8. Rarar nan sai a bar wa hoto ya ƙara kyau.

Yaya ake wannan matsi? Sirrin yana cikin kunnen ɗan Adam. Idan ana kaɗa tambari, wanda ke yi maka raɗa a gefe ba ka jinsa, domin babbar ƙara takan danne ƙarama. Na'urar tana nemo irin waɗannan sautuka da aka danne, ta rage su ko ta zubar. Sai dai fa abin da aka zubar ba ya dawowa har abada.

A nan haɗarin yake. Mu mutane ne masu tarihi a baka. Idan muka ɗauki muryar dattijo, ko kiɗan goge, ko wasannin ƙungiyarmu, muka matse fiye da kima don rowar wuri, sai murya ta dushe, gogen ya koma kamar ana kaɗa shi cikin ruwa. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai hazo, amma maganar da ba ta fita ba ya haƙura da ita.

Saboda haka shawarata uku ce. Na farko, ku adana sautin asali ba matsi, a wurare biyu. Na biyu, kada ku matse abin da aka riga aka matse, kamar MP3, domin hasara ce a kan hasara. Na uku, ku saurara da kunnenku kafin ku buga faifai.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. To, mu bar wa jikokinmu abin da za su ji sarai.