Mu Ne Ƙofar Farko



Maganar da ta tara mu yau irin wadda aka saba yi da raɗa ce, watau halin da yaro ko yarinya kan shiga bayan an yi musu fyaɗe ko dukan zalunci. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa cikin yara 10 a Nijeriya, 6 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, alhali kuwa waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba.

Lalle an yi tanadi. Akwai dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, akwai kuma cibiyoyi irin su Salama a Jihar Kaduna, da Waraka a Asibitin Murtala na Kano, da Nana Khadija a Sakkwato, inda ake duba lafiya, a kwantar da hankali, a haɗa mutum da hukuma. Amma wadda abin ya faɗa wa ba can take fara zuwa ba. Ƙawarta ta ɗaki take fara faɗa wa, ko yayanta, ko malamin ajinsu. Ashe mu ne ƙofar farko, in muka rufe, sauran ƙofofin sun zama banza.

To, me ya wajaba a kanmu? Da farko mu saurara, mu gaskata, mu bar tambayar me ya kai ta can, domin wannan tambaya ita ke kulle baki har abada. Na biyu, asibiti ba tare da jinkiri ba, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Maganin rigakafin ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, a sha shi kwana 28. Na hana ɗaukar ciki kuwa bai wuce awa 120 ba. In da hali, a je kafin a yi wanka, a naɗe tufafin a takarda maimakon leda, saboda su ne shaida gaban alƙali. Na uku, kai ƙara shawararta ce in baliga ce, in kuwa ƙaramin yaro ne, dole a sanar da babban da aka amince da shi da jami'in jin daɗin jama'a. Wanda ba shi da kuɗin lauya, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana nan. Kada mu tsaya ga kwatance, mu raka ta da ƙafarmu, mu kuma riƙe sirrinta.

'Yan'uwa ma'aikata, watarana irin wannan takarda za ta sauka a teburinku, manya su biyo bayanta suna neman a rufa asiri. Ku tuna, asirin mai laifi ake nufi, wanda aka sake shi kuwa gobe 'yar wani zai tare.

Muna roƙon wannan ƙungiya ta manna sunayen cibiyoyin da ke kusa da mu a kowane ɗakin kwana na maza da na mata kafin ƙarshen zangon nan. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.