Ɗan Talaka Da Wurin Koyon Aiki: Lacca Ga Mutanen Karofi

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da samari, mun gode da kuka baro rumfunanku da gonakinku kuka taru. Maganar da za mu yi yau ta 'ya'yanmu ce waɗanda muka sayar da gero da awaki muka kai manyan makarantu, su gama, su dawo gida da takardar shaida, sa'an nan su zauna gindin bishiya ba aiki.

A dā uzurinmu shi ne makaranta ta yi nisa. Yanzu wannan uzuri ya ƙare. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a nan garin, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Yaro daga Karofi ko Kurfi ya kan shiga mota da safe ya iske darasi. Amma duk wanda ya je neman aiki, tambayar da a kan fara yi masa ita ce, a ina ka taɓa aiki? To, wanda bai taɓa samu ba, ina zai ce?

Gwamnati ta daɗe da sanin wannan matsala. Cikin 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, mai babban ofishi a Jos, aka ɗora wa manyan kamfanoni su riƙa zuba wani abu daga kuɗin albashin da su ke biya. Cikin 1973 wannan asusu ya fito da shirin da a ke kira SIWES, domin masu masana'antu sun yi ta kukan cewa yara na fitowa da karatu a ka, amma hannunsu bai san inji ba. Ma'anar shirin ita ce, ɗalibi mai koyon aikin injiniya, ko noma, ko kimiyya, ko kwamfuta, lalle ya bar aji ya tafi wurin da a ke yin aikin da gaske. Ɗan jami'a ya kan yi wata 6, ɗan kwalejin fasaha da ɗan kwalejin ilmi wata 4. A kan ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, mai wurin ya sa hannu, malaminsa ya zo daga makaranta ya duba. Kowace makaranta da ke cikin shirin tana da ofishi musamman domin wannan.

Dabarar ba a nan aka fara ta ba. Cikin 1906 wani malami a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, Herman Schneider, ya ɗauki ɗalibai 27 ya raba musu lokaci, mako guda a aji, mako guda a masana'anta, kuma a biya su ladan aikinsu. Abin lura shi ne, makaranta ce ta je ta yi magana da masu masana'antu ta samo wuraren, ba a bar yara su yi ta yawo ba.

To, mu duba yadda abin ya kan kasance a wurinmu. Sau da yawa sai a miƙa wa yaro wasiƙa a ce je ka nemo wuri. Ɗan babban mutum ba ya wahala, ubansa ya buga waya sau ɗaya, gobe ya na zaune a banki ko a kamfanin mai. Ɗan talaka kuwa sai ya bi ofis-ofis a Katsina, mai gadi na korarsa tun daga ƙofa. In ya yi sa'a ya samu a Kano ko Kaduna, wa zai ba shi ɗakin kwana, wa zai ci da shi wata 6? Kuɗin da a kan ba ɗalibi ya yi shekaru da yawa ya na tsaye a Naira 2,500 a wata, kuma galibi sai bayan an gama a ke ganinsa. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin abin da wannan kuɗi zai saya ranar Laraba a Dutsin-Ma.

Daga nan sai yaro ya gaji, ya sami wani mai hatimi ya ba shi ɗan abu ya buga masa a littafi, ya koma gida ya kwanta. Ya ci jarrabawa, amma ya cuci kansa. Domin kuwa a wannan wata 6 ne mai kamfani ya kan ga halin yaro, ya ga ko ya na zuwa da wuri, ko ya na da amana, har ya ce masa in ka gama hidimar ƙasa ka dawo. Ba a ɗaukar ma'aikata ranar da aka buga talla a jarida kaɗai, an fi ɗaukar wanda aka riga aka sani. Ɗan talaka ba shi da kawu a ofis, saboda haka wannan ita ce ƙofarsa ta a san shi, kuma ita ce mu ke bari ta rufe.

Kuka kaɗai ba ya magani. Ga abin da mu ke roƙonku.

Na farko, iyaye. Tun yaro na shekara ta biyu ku tambaye shi yaushe zai fita koyon aiki, ya je ofishin shirin a makarantarsa ya tambayi wuraren da suka karɓi waɗanda suka riga shi. Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Kada kuwa uba ya ba da ko kwabo domin sayen hatimi.

Na biyu, ku masu sana'a. Kada ku raina kanku. Mai gidan kaji, mai injin casar shinkafa, mai garejin gyaran mota, mai walda, mai ɗaura wutar sola, mai noman rani a bakin madatsar Zobe, duk aiki na gaske ku ke yi. Ƙungiyar kasuwa ta zauna ta rubuta sunayen masu son karɓar ɗalibi, da irin aikinsu da inda su ke, shugabanni su ɗauki takardar su kai makaranta, ita kuma ta duba waɗanda suka cika sharaɗi. In kun karɓi yaro, ku koya masa, kada ku mai da shi ɗan aike mai sayo goro. Ku ma za ku ƙaru, domin zai gyara muku littafin lissafi, ya gaya muku abin da ya karanta a kan cutar kaji ko takin zamani. Har wa yau, wurin da ke kusa da gida shi ne maganin 'ya'yanmu mata, waɗanda iyaye ba su yarda su tafi Kano su kaɗai ba.

Na uku, wakilanmu na majalisa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi abu biyu. Me zai yi domin a ƙara kuɗin ɗalibi, a kuma biya shi ya na kan aikin? Me zai yi domin ma'aikatun Gwamnati da kamfanoni su riƙa bayyana yawan ɗaliban da za su karɓa, a liƙa a allo kowa ya gani? Abin da aka liƙa a allo ya na da wuyar sayarwa a ɓoye. Shirin nan da dukiyar ƙasa a ke tafiyar da shi, saboda haka ba alfarma mu ke nema ba, hakkinmu ne.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon shugabannin kasuwa su fara rubuta sunayen nan tun yau kafin a watse, duk mai ɗa ko 'ya a babbar makaranta kuma ya tsaya ya ba da suna da irin karatun da a ke yi. Allah ya sa mu ga amfanin 'ya'yanmu. Ku sauka gida lafiya.